Mai Riƙe Haske

Ƙarfe biyar na asuba, sanyin Jos na cizon kunne,
muka hau dutse da janareta a kafaɗa.
Tasi'u ya ce rana ba ta jiran darakta:
minti ashirin take yi tana zinariya,
daga nan sai ta koma fara fat, mai tona asirin ƙuraje.

Ni aikina faifai ne,
kwalin da na liƙe da takarda mai ƙyalli.
Ina tarar rana, in juye ta a fuskar Mu'azzam
kamar mai ba majinyaci kunu,
a hankali, kada ya zube.

Jar motar da yake jingina da ita ba ta tashi.
Mu shida muka turo ta daga garejin Gyang,
ga shi can bayan kyamara yana ƙirga mana awa.
Damin kuɗin da ke hannun mawaƙi,
na sama da na ƙasa kaɗai ne na gwamnati.
Tsakiyar, tsohon littafin lissafin ƙanwata ne,
ni na yanka da reza.

Kwanta ƙasa, in ji Tasi'u ga mai kyamara,
ɗauko shi daga takalmi.
Haka ake yi wa gajere tsawo.
Mu'azzam da bai kai kafaɗata ba,
sai ga kansa yana gogar girgije.

Abin da har yau ban saba da shi ba:
in ana son tafiyar hawainiya
sai a sa waƙar ta yi gudu.
Lasifika na tsuwwa kamar ɓera a tarko,
shi yana motsa baki ba murya, yana bin ta a guje,
Kangyang na kaɗa gyale kamar mai korar zuma.
Sai an koma kwamfuta a ja wa lokaci linzami,
ka ga fatar ido tana sauka
kamar ba ta da wurin zuwa.

Ruwan sama kuwa na mai tanka ne, kuɗi hannu.
Ni na toshe bakin tiyo da babban yatsa.
Sai an haska shi ta baya yake fitowa,
in ta gaba ne, ka jiƙe a banza.
Sau tara ta yi kuka a cikinsa, haƙora na karo.
Na taran aka ɗauka,
don shi ne ba ta yi da gangan ba.

Da azahar aka saki ɗan jirgin nan mai kukan sauro,
ya yi sama bisa tafki.
A allo za a ƙara masa shuɗi, ya zama teku.
Ni na san ramin kuza ne.
Kakana ya kwashi ƙasarsa a ka, kwano bayan kwano,
har wuyansa ya nutse cikin ƙirji.
Ba wanda ya taɓa ce masa ya isa haka, ta yi kyau.
Na buɗe baki zan faɗa,
aka ce in janye, inuwata ta shiga.

Bayan mako uku ya fito,
minti uku da 'yan kai,
an yayyanka kwananmu biyu gunduwa-gunduwa,
kowane bugun ganga da sabon hoto.
Na kai wa Inna waya tana tsince wake.
Ta ce, to kai kana ina?

Na tsayar a minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya,
inda ya matso da fuska,
na buɗe hoton da yatsu biyu.
Cikin baƙin tabarau ɗinsa, a idon hagu,
ga wani ɗan mutum kamar ƙwayar acca,
hannuwa sama, riƙe da rana.

Ta daɗe tana kallo, waken na jira.
Ta ce, ka dai sa hular sanyi ko?